Tambaya da Amsa: Menu na shafina ya rikice bayan na canza samfuri, yaya zan gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shafin intanet a kan WordPress inda nake koyar da lissafi ga ɗaliban sakandare. Da na canza samfurin shafin, wato "theme" da ke tsara kamanninsa, sai menu da na tsara a sama ya ɓace, wani dogon jeri ya maye gurbinsa, ɗauke da kowane shafi da na taɓa buɗewa, har da waɗanda ba na son ɗalibai su gani. Ta yaya zan dawo da shi, in kuma sa wasu abubuwa su riƙa saukowa a ƙarƙashin wasu? Yawancin ɗalibaina da waya suke shiga.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin menu ɗinki bai goge ba, yana nan a ajiye. A tsarin WordPress, menu abu ne daban, gurbin da ake nuna shi kuma abu ne daban. Ke kike haɗa menu, amma samfuri ne yake tanadar guraben, kuma kowane samfuri yana da nasa adadin da nasa sunayen: wani yana da gurbi ɗaya a sama, wani yana da na sama da na ƙasa da na kafofin sada zumunta. Idan aka canza samfuri, WordPress yana ƙoƙarin gano gurbin da ya dace da tsohon, amma ba kullum yake dacewa ba. Idan gurbi ya zauna babu menu a cikinsa, samfura da yawa sukan cike shi da jerin duk shafukan da aka wallafa, kuma wannan shi ne dogon jerin da kike gani.

Maganin ya danganta da irin samfurin da kika ɗora. Ki shiga ɓangaren gudanarwa ki duba ƙarƙashin "Appearance". Idan kin ga "Menus", to samfurinki na tsohon tsari ne, wanda ake amfani da shi tun fitowar WordPress 3.0 a shekarar 2010. Ki zaɓi menu ɗinki, ki gangara ƙasa inda aka jera guraben samfurin, ki sa alama a kan na sama, wanda galibi ake kira "Primary", sannan ki adana. A nan ne kuma za ki ga wani ɗan akwati da ke cewa a riƙa ƙara sabbin shafuka kai tsaye. Ki cire alamar da ke kansa, in ba haka ba duk sabon shafin da kika wallafa nan gaba zai shigo menu ba tare da an tambaye ki ba. Idan kuwa "Editor" kika gani a maimakon "Menus", to samfurinki na tsarin tubala ne, wanda ya zo da WordPress 5.9 a watan Janairun 2022. A wannan tsari za ki buɗe kan shafin a cikin editan, ki danna tubalin "Navigation", ki zaɓi tsohon menu ɗinki daga jerin da zai ba ki damar shigowa da shi.

Akwai abin da ya kamata in ja hankalinki a kai game da shafukan da ba kya son ɗalibai su gani. Cire shafi daga menu ba ɓoye shi ba ne, domin duk wanda yake da adireshinsa zai iya buɗe shi, Google ma zai iya nuna shi a sakamakon bincike. Idan amsoshin jarrabawa ne, misali, ki mayar da shafin na sirri, ko ki sa masa kalmar sirri, ko ki mayar da shi daftari.

Kafin ki dawo da tsohon menu yadda yake, ina ba ki shawarar ki sake duba abin da ke cikinsa, domin a ganina nan ne aikin yake, ba wajen danna maɓallai ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai shafi ya tsara menu bisa abin da ya mallaka, alhali ya kamata ya tsara shi bisa abin da mai shigowa yake nema. Ɗalibin da ya buɗe shafinki da daddare yana shirin jarrabawa ba tarihin kafa shafin yake nema ba, darasin aljabara yake nema ko tambayoyin gwaji. Saboda haka abubuwa kamar Darussa, Tambayoyin Gwaji da Bidiyo su ne suka cancanci sahun gaba, sai Game da Ni da Tuntuɓa su biyo baya. Ƙa'idojin sirri da sharuɗɗan amfani kuwa, wurinsu menu na ƙasan shafi, inda mai buƙatarsu ya riga ya san zai same su.

Za ki ji ana cewa kada menu ya wuce abubuwa bakwai, ana danganta hakan da binciken masanin halayyar ɗan Adam George Miller na shekarar 1956. Binciken nasa ya shafi yawan abin da mutum zai iya riƙewa a ka na ɗan lokaci ne, shi kuwa menu ba haddace shi ake yi ba, kallonsa ake yi. Abin da yake iyakance ki a zahiri shi ne faɗin fuskar na'ura da haƙurin mai karatu. Ni dai ina ganin biyar ko shida sun wadatar da shafi irin naki, kowanne da suna na kalma ɗaya ko biyu wanda ɗalibi zai gane ba tare da tunani ba. Suna kamar "Taska" yana da daɗin ji, amma "Tsofaffin Tambayoyi" ya fi shi faɗin abin da ke ciki.

Abu na biyu da zai rage miki wahala shi ne ki gina menu a kan rukunoni, ba a kan darussa ɗai-ɗai ba. Idan kika sa mahaɗin darasi guda, to duk ranar da kika rubuta sabo sai kin koma kin gyara menu. Amma idan kika buɗe rukunin Aljabara, kika sa shi a menu, duk darasin da kika wallafa a ƙarƙashinsa zai bayyana a shafin rukunin da kansa, sabo a sama. Tsayayyun shafuka, wato waɗanda ba sa canzawa kamar Game da Ni, su ne kawai ake sakawa kai tsaye. Haka abin yake ga masu amfani da Blogger, wato dandalin buɗe shafi na Google, sai dai su lakabi suke amfani da shi a maimakon rukuni: ana ɗaukar adireshin shafi a ƙara masa /search/label/ da sunan lakabin, a saka shi a cikin na'urar "Pages" da ke ɓangaren "Layout". A can dole a rubuta lakabin daidai da yadda yake, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa.

Game da abubuwan da ke saukowa ƙarƙashin wasu, a tsohon tsari za ki kama abin da linzamin kwamfuta, ki ja shi ƙarƙashin wanda kike so ya zama uwarsa, ki ɗan tura shi dama har ya shige ciki, sannan ki adana. A tsarin tubala kuwa akwai zaɓin "Add submenu" a kan kowane mahaɗi. Da haka Darussa zai ɗauki Aljabara, Jometiri da Ƙididdiga a ƙarƙashinsa. WordPress zai bar ki ki yi hawa uku ko huɗu, amma kada ki wuce hawa ɗaya a ƙarƙashin uwa, domin mataki na uku yakan kuɓuce wa linzami a kwamfuta, a waya kuma ya zama doguwar tafiya da babban yatsa.

Tunda ɗalibanki da waya suke shiga, wannan ɓangaren ya fi komai muhimmanci. A kwamfuta, ƙaramin menu yana buɗewa ne idan linzami ya tsaya a kan uwarsa, amma a waya babu linzami, taɓawa kawai ake yi. A wasu samfuran, idan ɗalibi ya taɓa Darussa, sai a wuce da shi shafin Darussa ba tare da ya ga abin da ke ƙarƙashi ba. Tubalin "Navigation" yana da zaɓin "Open on click" da ke magance wannan. A tsohon tsari, mutane sukan sa alamar # a matsayin adireshin uwar domin kada ta kai ko'ina, amma na fi son uwar ta kai ga shafi na gaske wanda ya jera duk rukunonin, ta yadda ko ƙaramin menu ya ƙi buɗewa ɗalibi zai isa inda yake so.

Yawancin samfura suna naɗe menu a waya su mayar da shi alamar layuka uku, alamar da Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981. Tana tanadin wuri, sai dai abin da aka ɓoye a bayanta ba kowa ne yake nemansa ba, don haka ki rubuta kalmar "Menu" kusa da ita idan samfurin ya ba da dama, ki kuma sa mahaɗin Tambayoyin Gwaji a fili a shafin farko. Ki lura da girman wurin taɓawa: ƙa'idar WCAG 2.2 ta 2023, wadda ta shafi sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta sa mafi ƙaranci fiksel 24 a tsawo da faɗi, Apple kuwa yana ba da shawarar 44, kuma wannan na biyun ya fi dacewa da yatsa. Launin rubutu ma ya bambanta sosai da na bayansa. Ƙa'idar ta nemi bambancin 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma toka-toka a kan fari yakan kasa cika wannan, musamman ga mai karatu a cikin hasken rana.

Idan za ki canza launi ko girman rubutu ta hanyar CSS, wato rubutun umarni da ke tsara kamannin shafi, ki rubuta shi a akwatin "Additional CSS", kada ki taɓa fayilolin samfurin, domin sabuntawa ta gaba za ta share duk abin da kika rubuta a cikinsu. Bayan kin adana, ki fita daga asusunki, ki buɗe shafin a waya kamar baƙuwa, ki taɓa kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya. Idan har yanzu tsohon jerin kike gani, wataƙila kwafin da aka ajiye domin saurin buɗewa ne yake nunawa. Ki share ma'ajiyar burauzarki da ta manhajar hanzarta shafi idan kina da ita, sannan ki sake lodawa.