Kuɗi mai huda da tauraro: anini ne ko kwabo?

Malam, ƙarfen nan mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da na'urarka ta neman ƙarfe ta gano kuɗin zamanin Turawa ne. Auna faɗinsa: milimita 20 anini ne, milimita 25 ɗari ne (wato rabin kwabo), wajen 30 kuwa kwabo.

Kada ka kuskura ka goge shi da tsamiya, lemun tsami ko yashi. Suna cinye rubutun, darajarsa ta zube. Jiƙa shi a ruwa mai tsabta kwana biyu, ka bi shi da buroshin haƙori a hankali har shekara da sunan sarkin Ingila su fito.

In ba shi da nauyi sam, sanholo ne, aninin farko-farko ke nan, na 1907 ko 1908. Na tagulla kuwa sai daga 1952.