Ƙaramar kyamara ko wayar hannuna: da wacce zan fara koyon hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina son koyon ɗaukar hoto, har na ɗan tara kuɗi don in sayi irin ƙananan kyamarorin nan da ake jefawa a jaka. Yayana ya ce asarar kuɗi ce kawai, wai wayata ta fi su fitar da hoto. Akwai amfanin da za ta yi mini, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yayanki bai faɗi ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba.

Ga inda yake da gaskiya. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske, shi ake kira sensa. Na yawancin ƙananan kyamarori kusan milimita 6 ne a tsawo da 4.5 a faɗi, kuma na wayoyi da yawa a yau ya kai haka, wani ma ya fi. Bayan wannan, waya takan ɗauki hotuna da dama a ƙiftawar ido ta haɗe su su zama ɗaya. Shi ya sa a ɗaki mai ƙarancin haske ko bayan magariba hoton waya ke fita garau, na ƙaramar kyamara kuwa ya yi dishi-dishi. Kasuwa ma ta shaida haka. Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan ta nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba, kuma ƙananan ne waya ta fi yi wa illa.

Duk da haka ni ina goyon bayan ki saya, in dai koyo ne a ranki.

Ki ɗauka ranar hawan sallah ce, kina tsaye can bayan jama'a a ƙofar fadar Zazzau. In kika zuƙo mahayi da waya mai matsakaicin kuɗi, ba ta matso da shi ba, yanko tsakiyar hoton ta yi ta buɗa shi, sai fuska ta dagule. A kyamara kuwa gilasai ne suke motsi da gaske, za ki ma ji ƙararsu. Irin Canon IXUS 185 tana zuƙowa har ninki 8, Sony W800 ninki 5. Da wannan za ki kamo naɗin rawani, da aikin zaren da ke jikin alkyabba, da kumfar bakin doki lokacin jahi, ba tare da kin kutsa gaban dogarai ba.

Sai filasha. Ta waya fitila ce kawai mai ɗan haske. Ta kyamara walƙiya ce da ke tashi ta mutu cikin abin da bai kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba, don haka ko amarya na juyawa a wajen kamu, hoton zai tsaya cak. Amma iyakarta kamar mita uku ne, wanda ya yi nisa duhu zai ci shi. Kamannin hoton filashar nan na cikin abin da ya sa matasa a ƙasashe da dama suka koma neman tsofaffin kyamarori a 'yan shekarun nan, har farashinsu ya tashi.

Abin da ya fi waɗannan biyun muhimmanci a wurina shi ne yadda take koyar da ido. Waya tana gyara miki komai a ɓoye, ba za ki san me ya faru ba. Ki sa kyamara a kan harafin P, wato saitin da take auna haske da kanta amma ta bar miki damar gyarawa, ki tsayar da ƙaninki sanye da farar shadda a jikin farin bango da rana tsaka. Kyamara za ta ga farin ya yi yawa ta rage haske, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Nemi maɓallin da ke da alamar +/- ki ƙara zuwa +1, ki sake ɗauka: fuska ta fito. Ki mai da shi inuwar zaure ya fuskanci ƙofa, ki kashe filasha, ki ga yadda haske ke kwanciya a kumatunsa. Daga ranar kin fara duba inda haske ya fito kafin ki ɗaga hannu, kuma wannan ilimin zai bi ki zuwa kowace kyamara. Haka nan danna maɓalli rabi, ki jira koren akwati ya bayyana, alamar ta saita abin da za ki ɗauka ya fito sarai, sannan ki ƙarasa dannawa. Manyan kyamarori ma haka ake yi musu. Ga shi babu saƙon WhatsApp da zai faɗo miki a tsakiyar aiki.

In kuwa burinki ki riƙa ɗaukar biki ana biyanki, wannan ba za ta kai ki ba. Yawancinsu ba sa barin mutum ya saita buɗewar gilashi da saurin ɗauka da kansa, kuma ba sa narkar da bayan hoto, wato sa abin da ke bayan mutum ya dushe shi kuma ya fito sarai. Sai ki ƙara haƙuri ki nemi babbar kyamara ta hannu irin Nikon D3200 ko Canon 1200D, waɗanda sensarsu ta ninka ta ƙanana fiye da sau goma.

Wajen saye ne nake so ki yi hattara. Akwai wasu marasa sunan kamfani da ake rubuta wa megafiksel 48 da 4K a jikin kwali, wato ma'aunin yawan ɗigo-ɗigon da ke haɗa hoto da bidiyo. Ki guje su, kumbura hoton ake yi da manhaja, gilashin ba shi da kirki. Megafiksel 12 na gaske ya isa a wanke hoto mai girman takardar A4 ya fito tas. Ta hannu daga Canon, Nikon, Sony, Panasonic ko Fujifilm ta fi su nesa ba kusa ba.

Kada ki biya sai kin gwada a gaban mai kaya. Ki kunna ki kashe sau da yawa, ki ga ko gilashin na fita da komawa ba tare da cijewa ba, domin nan ne suka fi mutuwa, kuma ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarsu. In kin saya, ki riƙa ajiye ta a jaka mai zif. A wajen gwajin kuma, ki zuƙo har ƙarshe ki ɗauki farin bango, in kin ga tabo a wuri ɗaya a kowane hoto to ƙura ta shiga ciki, ki bar musu abarsu. Ki ciro batir ki duba ko ya kumbura, ki tabbatar cajarsa na nan. Masu cin batir irin na tocila, wato AA, kamar Nikon Coolpix A10 ko Kodak PixPro FZ45, suna da daɗin sha'ani inda wuta ba ta zama.

Ki kuma duba irin memorin da take ci. Tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke ɗauka, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, duk biyun samunsu da wuya yanzu. Ki nemi mai cin SD. Ko a nan ma, da yawa cikin waɗanda aka ƙera kafin 2006 ba sa karanta katin da ya wuce 2GB. Ki ware 'yan canji ki haɗa da ƙaramin abin karanta memori mai baki irin na cajar wayarki, da shi za ki riƙa kwashe hotunan zuwa waya a duk inda kike.