Kai kaɗai da tarakta a dajin Samsam

Ɗana, jiya muna rufe gareji ka ce min: "Usta, ina mutum zai samu aikin da zai yi shi kaɗai a daji? Hayaniyar nan ta ishe ni." Na ce ka bari sai na sa wani abu a ciki. To, saurara.

Aikin yana nan, ba ma sai ka bar jihar Gadarif ta nan Sudan ba. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya, yau gonakin dawa da riɗi sun miƙa kudu har Samsam da Doka. Gona guda, wadda ake ce wa mashru'u, a al'ada fadan 1,000 ce, fadan kuwa murabba'in mita 4,200. A tsakiyarta akwai kambo: bukka biyu ko uku, duro-duron gas, tarakta da diskinta na huɗa da shuka. Mai gona yana gari, wakili yana leƙowa jefi-jefi. Abin da suke nema ido rufe shi ne direban da zai iya gyara abin da yake tuƙawa.

Ba a rubuta takardar neman wannan aiki. Daga Mayu zuwa farkon Yuni masu gonaki ke kawo mana Massey Ferguson ɗinsu a kwance inji kafin ruwa ya sauka. Suna zaune kan benci da kofin shayi kamar ba ruwansu, alhali hannun kowane yaro suke kallo: wa ke jera notuna a faranti, wa ke zubar da su a ƙasa. Daga baya ni za su tambaya, ni kuma ba na shaidar zur.

Abin da ba ka lissafa ba shi ne ƙasar. Baƙar laka ce. Da rani ta tsage har ƙafa ta faɗa, da ruwa ya zuba kuwa ko Land Cruiser sai ta yi haƙuri. Da zarar Yuli ya yi nisa, abin da ka manta a gari ka manta shi ke nan. Shekarata ta farko a kambo na ɗibi gas daga gindin duro, ban san ruwa da datti can suke kwanciya ba. Inji ya yi tari biyu ya mutu a tsakiyar shuka. Filta guda gare ni, ita ce a jiki. Kwana uku ina wanke ta, ina sassauta noti, ina danna famfon hannu don iska ta fita, ga hadari yana haɗowa, ga iri a akwati. Ba wanda zan ce wa miƙo min sifana. Tun daga ranar duro nake bari ya kwana a tsaye, in ɗiba daga sama, kuma ba na fita sai da filta huɗu, fanbel biyu da gwangwanin giris.

Sai jikinka. Inda ka ga aduwa da jar ƙaya da suke kira talha, musamman wajen kogin Rahad da Atbara, nan ɗan ƙwaron da ke kawo ciwon kala'azar yake. Ya fi sauro ƙanƙanta, don haka gidan sauro mai manyan ramuka ba ya tare shi. Zazzaɓin da ya wuce sati biyu, ga rama, ga saifa ta kumbura, ba na jiƙo ba ne. Allura ce ta kwana 17 a asibiti. Ruwan tafki kuma a tafasa shi, ko da ƙishi na neman kashe ka.

Maganar kuɗi a gama ta a gari, gaban shaidu: nawa ne a wata, ko nawa ne a fadan, wa ke da abinci, yaushe za a turo ta manhajar banki ta Bankak. Kada ka yarda da "sai an yanka riɗi". Riɗi a Oktoba ake yankansa, mahaifiyarka kuwa kullum take ɗora tukunya.

Bana dai ba zan ba da sunanka ba. Ka bi wani direba a matsayin yaron mota damina guda, ka ji yadda dare yake in wayar ba sabis. Gobe kuma akwai tarakta mai shan iska a bayan gareji. Ka tada ita kai kaɗai, zan zauna kan benci, ba zan ce uffan ba.