Tambaya da Amsa: Shin Daɗewa da Riƙe Wayoyi Ya Isa a Yarda da Mai Sharhi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen sabuwar waya, kuma na saba sauraron wani mai sharhin wayoyi kafin in yanke shawara. Kwanan nan ya kushe wata wayar Android da nake so, alhali da bakinsa ya ce shekara da shekaru iPhone ce wayarsa ta yau da kullum. Da aka yi masa ca, sai ya kare kansa da cewa ya riƙe Nokia da BlackBerry da Windows Phone tun kafin wasu su san waya. Shin wannan ya isa hujjar yarda da hukuncinsa? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan hujja tana da ɗan nauyi, amma ba ta kai yadda mai ita yake zato ba. Wanda ya ga zamanin Symbian, tsarin da ke tafiyar da tsofaffin wayoyin Nokia, ya shaida fitowar iPhone a 2007 da ta Android a 2008, ya kuma ga yadda Windows Phone ta taso a 2010 ta mutu duk da ƙarfin Microsoft, lallai ya san cewa kyan tsarin waya kaɗai ba ya riƙe mutane idan babu isassun manhajojin da suke buƙata a kansa. Sai dai Symbian da Windows Phone da tsarin BlackBerry duk sun kau, kuma sanin BlackBerry ba ya nuna cewa mutum ya san Android ta bana.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne ko ya zauna da wayar da ya kushe. Hannun da ya saba da iPhone yakan ɗauki duk abin da ya saɓa wa sabonsa a matsayin aibi, ko da bambancin tsari ne kawai, kamar inda ake komawa baya ko yadda ake jera sanarwa. Saboda haka ka saurara da kyau: shin ya cire layinsa ya sa a cikinta, ya mayar da WhatsApp ɗinsa da manhajar bankinsa, ya yi makonni da ita, ko kuwa ya buɗe kwali ne ya latsa ta kwana biyu ya mayar? Ka kuma tuna cewa Android ba abu guda ba ce, domin One UI na Samsung daban yake da HiOS na Tecno ko XOS na Infinix, kuma wanda Samsung mai tsada kaɗai ya sani ba shi da ma'aunin da zai auna ƙaramar waya da shi.

Ko ƙwararru ma gajeren gwaji yana yaudararsu. A 2016 manyan masu sharhi sun yaba wa Galaxy Note 7 ƙwarai, amma ba a jima ba batirinta ya fara kama wuta, har Samsung ya janye ta daga kasuwa a watan Oktoba na shekarar. Alƙaluman gwajin sauri su ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, tunda a 2018 an kama wasu wayoyin Huawei suna ƙara ƙarfi idan sun gane ana gwada su.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina ya fi son kai na sabo haɗari. Kamfanoni kan aika wa masu sharhi waya kyauta ko aro kafin ta shiga kasuwa, wasu kuma ana biyansu. Wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa, kuma a Amurka hukumar FTC mai sa ido kan kasuwanci ta wajabta bayyana irin wannan alaƙa. Idan mai sharhinka bai taɓa faɗin inda ya samo wayar ba, ko bai taɓa kushe kayan kamfanin da yake tallata masa ba, to ka rage nauyin maganarsa.

Akwai kuma tambayoyin da gogewarsa ba za ta amsa maka ba idan ba a yanayinmu yake zaune ba. Bai gwada wayar a zafin Afrilu ba, bai kwana babu wutar lantarki ba, kuma wataƙila ba zai ambaci cewa iPhone da ake sayarwa a Amurka, tun daga iPhone 14 ta 2022, ba ta da ramin sa layi sai eSIM (layin da ake sawa a waya ba tare da kati ba) ba, abin da ke ba masu sayen ta hannu mamaki bayan sun biya. Don haka kafin ka fasa wayar da kake so, ka nemi sharhin wani da Android ce wayarsa ta kullum ka kwatanta, sannan ka tambayi mai gyaran waya a kasuwa nawa ne kuɗin canza gilashinta, ko ana samun batirinta, da kuma wace matsala ce ta fi sa a kawo masa irinta.