Ba zaman awa 11 a Doha ne matsalarki ba Hajiya, takarda biyun nan ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Don Allah ina cikin damuwa, wata mai zuwa zan bi maigidana Toronto ni da yara biyu, ɗaya ɗan shekara huɗu ɗaya na goye, kuma ban taɓa doguwar tafiya irin wannan ba. Ejan ɗin da ya yankar mana tikiti ya ce za mu sauka Doha mu zauna awa 11, daga nan sai Frankfurt ta Jamus, can kuma awa ɗaya da minti 50 kawai sai mu hau na Kanada. Wallahi awa 11 ɗin nan ita ke hana ni barci, ina zan kai yara, ina za mu kwanta, ana barin mutum ya fita kuwa? Sannan takarda biyu ya turo min ta WhatsApp kowacce da lambarta, na tambaye shi ya ce ba komai haka ya fi sauƙin kuɗi, kuma tunda wucewa kawai za mu yi ba ruwanmu da biza a hanya, ta Kanada ta isa. Akwatinmu huɗu. Ya zan yi in rage wahalar nan? Daga Maman yara biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Zan amsa abin da kika tambaya, amma gaskiya da na karanta saƙonki ba awa 11 ɗin ce ta tsaya min a rai ba, ɗan gajeren zaman Frankfurt ne da takarda biyun nan.

Doha tukuna don hankalinki ya kwanta. Awa 11 gajiya ce kawai. Filin jirgin Hamad don masu yada zango aka yi shi, dare da rana a buɗe yake, akwai ɗakunan hutawa masu kujerun kishingiɗa, da wurin wasan yara, da wurin sallah, har otal a cikinsa da ake kama ɗaki ba sai kin fita waje ba, in da hali ki kama tun kafin ki taso don yana cika. Ki kuma tambayi kamfanin jirgin kai tsaye ko tikitinki na cikin waɗanda ake ba masauki, wasu kamfanonin suna yi in babu wani jirgi da ya fi wannan kusa, sai dai da sharuɗɗa kuma sai an nema. Fita gari ya danganta da fasfon da kike riƙe da shi, ni dai da goyo a baya da wani a hannu ba zan ce ki fita ba. Sanyin esi ne zai fi damunku, ki sa rigunan sanyi a jakar hannu, da kayan canji na yara har da naki, famfas fiye da yadda kike zato, caja, da duk maganin da wani ke sha. Madarar jariri ana barinta ta wuce ko ta haura mililita 100 ɗin da aka ƙayyade wa abin ruwa, ki dai fito da ita daban a wajen bincike. Ki sa a ajiye miki kujerar da ake maƙala gadon jariri a gabanta, ba su da yawa, wanda ya riga nema shi ke samu. In jirgi ya fara sauka ki ba shi ya riƙa tsotso saboda kunne. Kar kuma wata ta ce ki ɗura musu maganin mura su yi barci, ba a yi wa jariri haka sai da faɗin likita. Ke ma ki riƙa tashi kina takawa kina shan ruwa, zaman da ya wuce awa huɗu a takure yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ballantana wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Shi ke nan Doha.

Yanzu takarda biyun. Kafin in ɗora wa ejan laifi ki duba abu ɗaya, don lambar bukin (wato ta ajiye kujera) guda biyu ba kullum take nufin tikiti biyu ba, in kamfani biyu suka haɗu suka ɗauke ki a tikiti ɗaya kowanne yakan ba da tasa lambar mai harafi shida. Abin dubawa ita ce lambar tikitin kanta, doguwar nan mai lamba 13 wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya fitar da shi, misali 157 Qatar Airways, 220 Lufthansa, 014 Air Canada. Ki duba ƙarƙashin sunanki ke kaɗai, kar ki haɗa da na yara don kowa da tasa har jaririn. In lamba ɗaya ce ta ɗauko ki tun daga tashin farko har Toronto to alhamdulillahi, awa ɗaya da minti 50 ta isa, kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin sauya jirgi da aka tsayar kuma na'ura ba ta sayar da tikiti ɗaya ƙasa da shi, kayanki za su wuce da kansu, in jirgin Doha ya yi latti kamfani ne zai sa ku a na gaba ba tare da kin ƙara ko sisi ba. In kuwa lamba ɗaya ta ƙare a Frankfurt wata sabuwa ta fara daga can, kuma wannan magana tasa ta "ya fi sauƙin kuɗi" ita ta sa nake zargin haka ne, to ba yada zango aka sayar miki ba, tafiya biyu ce da ba su san juna ba.

Wannan shi ne abin da nake fama da mutane a kai kullum, wai tikiti tikiti ne tunda duk Toronto za a kai ka. Ba haka ba ne. Tikiti yarjejeniya ce tsakaninki da kamfani cewa zai kai ki wuri kaza. Kamfanin farko ya yi alkawarin Frankfurt, da ya sauke ki can ya gama da ke, akwatunanki huɗu ma Frankfurt za a rubuta a sitikarsu, can za a jefo su kan bel. Wani lokaci ma'aikacin kanta yakan taimaka ya tura kaya har ƙarshe in kamfanonin suna da yarjejeniya, amma alfarma ce, ba dole ba ne, kuma ba a ɗora tafiya da yara biyu a kan ƙila. Bel ɗin kaya kuma yana bayan imigireshan, wato sai an ba ki izinin shiga Jamus kafin ki taɓa akwatinki. To da wace biza? Nan ne ejan ɗinki ya ɗauki rabin gaskiya ya ba ki. E, mai ingantacciyar bizar Kanada an ɗauke masa bizar wucewa ta filin jirgi a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Jamus ke cikinsu, amma wannan sassaucin na wanda zai zauna a ɓangaren masu wucewa ne bai ƙetare imigireshan ba. Da zarar sai kin fita ɗaukar kaya, shiga ƙasa kika yi, kuma in fasfonki na cikin masu buƙatar bizar Shengen ita za a nema, ke da yaran.

Ba ma za ki kai Frankfurt ɗin ba a ganina. Ma'aikacin cekin yana da manhajar duba dokokin biza mai suna Timatic ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, a gabansa, zai ga tikitin da ke hannunsa ya ƙare a Jamus, ya sa ƙasar fasfonki, ta ce masa sai da biza, ya tura miki fasfo baya. Ba mugunta ba ce, kamfanin da ya kai fasinja ba takarda tara ake cinsa kuma shi zai mai da shi inda ya ɗauko shi, don haka roƙo da kuka da "ejan ne ya ce" ba sa aiki a kantar nan, shi ejan ɗin kuma a lokacin wayarsa ba ta shiga.

Mu ma ɗauka kina da bizar Shengen ɗin. Minti 110 gare ki. Yawancin kamfanoni suna rufe karɓar kaya awa ɗaya kafin tashin jirgin da zai ƙetare teku, saura 50. A cikin hamsin ɗin nan za ki jira mutum ɗari biyu ko uku su fita daga jirgi, ki yi tafiyar ƙafa mai tsawo da goyo, ki bi layin imigireshan na baƙi, ki tsaya jiran akwati huɗu, ki tura su zuwa kantar ɗaya kamfanin wadda ba lallai ma a taminal ɗaya suke ba, ki sake bin layi. Wannan in jirgin ya sauka kan lokaci ke nan. Ya makara da minti 20 magana ta ƙare. Kamfani na biyu bai san da wani jirgin Doha ba, a wurinsa ke fasinja ce da ba ta zo ba, kuma ƙa'idar yawancinsu in ba ki hau zangon farko ba sai su soke sauran har da na dawowa in akwai. Sai sabon tikiti na mutum uku a farashin ranar, a tsaye a filin jirgi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 da mutane ke yawan ambata, wadda ke ba da diyya har Yuro 600 da abinci da otal, tana aiki ne in kamfanin ne ya yi jinkiri ko ya soke jirgi, ba ta san wanda ya iso kanta a makare ba.

Kuma wannan jumla ta "mai wucewa ba ya buƙatar biza" don Allah a daina yaɗa ta a gurup gurup, ta cuci mutane da yawa. Amurka ba ta da ɓangaren masu wucewa kwata-kwata, ko awa biyu za ka yi sai ka bi imigireshan, sai da biza ko izinin shiga na intanet da ake kira ESTA ga waɗanda suka cancanta. In ka yada zango biyu a cikin Shengen, misali Faris sannan Amsterdam, jirgin da ke tsakaninsu kamar na cikin gida yake, ka shiga ke nan. Landan in aka sauke ka filin jirgin Heathrow za ka tashi daga na Gatwick sai ka shiga Ingila ka hau mota. Istanbul filin jirgi biyu ne, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen yana ɓangaren Asiya, mutum zai ga an rubuta Istanbul sau biyu ya ɗauka wuri ɗaya ne. Wani zai ce ai ɗan'uwana ya bi ta nan ba a tambaye shi komai ba, to fasfonku ɗaya? Tikitinku iri ɗaya? Da jakar hannu kawai ya tafi ko da akwati huɗu? Wace shekara ya bi? Dokokin nan canzawa suke yi.

Ku kuma masu yankan tikiti, ba duka ba, akwai masu amana da sanin aiki, amma wanda ya buɗe shafin intanet ya ga mafi araha ya danna ya ɗora ribarsa, alhali shafin da kansa ya rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa fasinja ne zai sauya jirgi da kansa ya sake cekin kaya, sannan ya miƙa wa mace mai goyo ya ce ba komai, ya ji tsoron Allah. Haɗa tikiti biyu ba laifi ba ne, matafiya da suka goge suna yi, da jakar hannu, da bizar ƙasar a fasfo, da tazarar awa biyar ko shida ko ma kwana. Amma su sun san abin da suka saya. Araha ba ta ado, ɗan abin da aka rage miki bai kai kuɗin kujera ɗaya ba in aka ce ki sake saye ranar tafiya.

Tunda saura wata guda kina da lokaci. Yau ki duba lambar nan mai 13, sannan ke ko maigidan ku kira kamfanin jirgin farko da kanku ku ba su lambar ku tambaya ina tikitin ya ƙare kuma ina za a rubuta wa kaya. In biyu ne, abin da ya fi shi ne a soke a karɓi abin da za a iya karɓa a yanki guda ɗaya har Toronto ko da ta wata hanyar ce, ko da an yi asarar wani abu. Neman bizar Shengen da ɗage jirgi na biyu zuwa washegari ma hanya ce, amma samun ranar ganawa a ofishin jakadanci cikin wata ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ranar tafiya ki karanta sitikar akwati da idonki kafin ta shige, YYZ, alamar filin jirgin Toronto, ya kamata ki gani, ba FRA ta Frankfurt ba, ki adana ƙananan rasit ɗin da za a manna miki. In wani akwati bai fito ba kar ki bar filin jirgi sai kin cike takardar rahoto a kantar kaya, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta sufurin jirgin sama, wato ta Montreal ta 1999, ta ba ki kwana 7 ki kai ƙorafi a rubuce in ya lalace, kwana 21 daga ranar da ya iso in jinkiri ya yi.

Shi kuma ejan ki tura masa tambaya biyu a rubuce, tikiti ɗaya ne har Toronto ko biyu, kuma in jirgin Doha ya makara wa zai biya sabo. In ya kira ki a waya ya fara cewa ki bar komai a hannunsa, ki ce masa ya rubuto.