Zambar, Miliyan da Dubun Ɓarawo

Wani malamin makarantar firamare daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ya aiko yana tambaya ko Bahaushe yana da sunan miliyan kafin zuwan boko, kuma me ya sa ake cewa "dubunsa ta cika".

Malam, amsar tana cikin kalmar zambar, wadda yau ba a cika jin ta ba sai a bakin dattawa. Ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an jingina mata adadi, ta yadda zambar goma ke nufin 10,000, zambar ɗari 100,000, zambar dubu kuwa dubu sau dubu, wato 1,000,000, abin da muke kira miliyan da kalmar aro. A ganina tsohon sunan ya fi na aron amfani a aji, domin yana faɗa wa yaro yadda aka gina adadin: jeri dubu, kowane jeri da abu dubu. Haka kuma ɗari sau ɗari sau ɗari ne.

Zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, wuri 20,000 ake kira keso, saboda haka keso 50 ne zambar dubu. Wannan ɗabi'a ta ƙirga a dunƙule ba ta mutu ba, domin a Kasuwar Dole ta Damagaram har gobe da dala ake ciniki, tamma (sefa) biyar ke nan, jika kuma dala 200 ce, don haka miliyan ɗin sefa jika dubu ce.

Batun "dubunsa ta cika" kuwa, tushensa karin maganar nan ce: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba lissafi ake yi ba a nan, dubu na nufin yawa ne kawai, cikarta kuma ƙarewar wa'adin mai laifi. Kada ɗalibanka su rikita ta da cikan lissafi, wato adadin da ke rabuwa biyu daidai, kishiyar mara, ko da yake dubu ma cika ce, kamar kowane adadi mai ƙarewa da sifiri.