Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Yaƙi da Tsare Orka a Wuraren Wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Daura. Kwanan baya 'yata ta nuna mini wani bidiyo a waya, inda wani ƙaton kifi mai launin baƙi da fari yake tsalle daga cikin tafkin siminti yana fantsama wa 'yan kallo ruwa, su kuma suna ta shewa. Da muka ƙara dubawa sai muka tarar akwai mutanen da suka shekara da shekaru suna zanga-zanga da hawa kotu a ƙasashen Turawa domin a hana wannan wasa. Abin ya ɗaure mini kai. Ana ciyar da kifin nan, likitoci suna duba shi, babu mai farautarsa, kuma mu nan muna kiwon tumaki da tantabaru ba wanda ya kira mu azzalumai. Mene ne ainihin ƙorafinsu? Anya ba ƙoshi ba ne ya sa su kuka a kan kifi alhali mutane suna kwana da yunwa?

*Wata malamar makaranta, Daura*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da gyara guda ɗaya, domin a kansa sauran maganar ta rataya: abin da kika gani ba kifi ba ne, siffar ce kawai ta kifi. Sunansa orka, kuma shi ne mafi girma a dangin dolfin, wasu dabbobin teku masu shayarwa. Da huhu yake numfashi, ta wata kafa da ke saman kansa, macen kuma takan ɗauki ciki na kimanin wata 17, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi nono, kamar dai ayun da Sarkawa suka sani a kogin Neja da Binuwai. Namijin da ya ƙosa yakan kai mita 8 a tsawo da tan 6 a nauyi, wato kwatankwacin toron giwa, kuma a teku yana iya cin tafiyar kilomita 160 a yini guda, kamar ki tashi daga Daura ki je Katsina ki komo.

Abin da ya fi girman jikinsa muhimmanci ga tambayarki shi ne irin zaman da yake yi da danginsa. A gaɓar tekun Fasifik, tsakanin jihar Washinton ta Amurka da yammacin Kanada, masana sun bi waɗannan dabbobi ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 1970, lokacin da masanin Kanada Michael Bigg ya gano cewa ana iya bambance kowanne da hoton fiffiken bayansa. Sun tarar cewa a cikin masu cin kifi na wannan yanki ɗa da uwa kamar hanta da jini suke: namiji ɗan shekara 30 yana nan biye da uwarsa, kuma kaka ce ke jan ragamar gida, domin macen takan daina haihuwa a wajen shekara 40 amma tana iya kaiwa 80 tana nuna wa jikoki inda abinci yake. Kowane gida yana da irin kiransa, har mai sauraro da na'ura yakan gane su kamar yadda muke gane Bakatsine da Basakkwace da zarar sun buɗe baki. A shekarar 2018 wata uwa da ake kira Tahlequah ta yi kwana 17 tana tallabe da gawar jaririnta a kanta, tana nutso ta ɗauko shi duk lokacin da ya suɓuce.

To, daga cikin irin waɗannan gidaje aka riƙa ɗebo na wasan. A watan Agusta na 1970, a wani lungun teku da ake kira Penn Cove a jihar Washinton, mafarauta sun yi amfani da jiragen ruwa masu gudu da jirgin sama suka kora orka fiye da 80 cikin raga, suka ware ƙanana bakwai domin sayarwa, saboda ƙarami ya fi sauƙin ɗauka da horarwa. Biyar sun nutse sun mutu a cikin ragar, huɗu daga ciki 'yan ƙanana ne. Domin a ɓoye ɓarnar sai aka farke cikkunan gawarwakin aka cusa duwatsu aka nutsar, amma bayan 'yan watanni ruwa ya tofo wasu zuwa gaɓa, asiri ya tonu. Wannan yana cikin abin da ya zaburar da jama'a har Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972, aka kuma daina kamun a ruwan Washinton a 1976, sai masu sana'ar suka koma ƙasar Aisland. Al'ummar da aka ɗebi 'ya'yanta a Penn Cove ba ta farfaɗo ba. An sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2005, kuma adadinta bai kai 80 ba.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, wadda aka raɗa wa suna Lolita, an kai ta wurin wasa na Miami Seaquarium, aka saka ta a tafki mai tsawon mita 24, faɗin mita 11, zurfin mita 6, alhali ita kanta tsawonta ya kai mita 6 ɗin. Abokin zamanta, wani namijin orka mai suna Hugo, ya riƙa gwara kansa da bangon tafkin har ya mutu a 1980 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma daga ranar ba ta sake ganin ɗan jinsinta ba. Likitocin da kika ambata suna nan, amma yana da kyau a tambayi abin da suke magani. Orkan da ke tsare yakan yi ta gurgurar siminti da ƙarafan ƙofa saboda zaman banza har haƙoransa su cinye, sai a huda su da na'ura a ƙwaƙule ɓargon, a bar ramin a buɗe, a riƙa wanke shi kullum domin kada guntun kifi ya ruɓe a ciki. Kusan duk namijin da ya girma a tsare za ki ga dogon fiffiken bayansa ya lanƙwashe ya kwanta gefe guda, abin da ba kasafai ake gani a teku ba. Sannan akan haɗa waɗanda aka kamo daga tekuna daban-daban a tafki ɗaya, ba su jin kiran juna, kuma idan faɗa ya kaure wanda aka fi ƙarfi ba shi da wurin gudu.

Lamarin da ya juya ra'ayin duniya shi ne na wani namijin orka mai suna Tilikum, wanda aka kamo a ruwan Aisland a 1983 yana ɗan shekara biyu. A wurin wasan farko da aka kai shi a Kanada, akan kulle shi tun yamma har wayewar gari a wani ɗan akurkin ƙarfe tare da manyan mata biyu da ke cizonsa. Yana da hannu a mutuwar mutum uku, a 1991 da 1999 da kuma ranar 24 ga Fabrairu 2010, lokacin da ya janye ƙwararriyar mai horar da shi, Dawn Brancheau, cikin ruwa a wurin wasa na kamfanin SeaWorld da ke birnin Orlando na Amurka. Abin lura a nan shi ne babu ko rahoto ɗaya tabbatacce na orka ya kashe mutum a teku. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci kamfanin tara, ta hana masu horarwa shiga ruwa da dabbobin a lokacin wasa, sannan fim ɗin gaskiya mai suna Blackfish ya fito a 2013, CNN ta nuna shi, 'yan kallo suka ragu, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi. A watan Maris na 2016 SeaWorld ya sanar da daina hayayyafar da orka, jihar Kalifoniya ta mai da hakan doka a shekarar, Kanada ta biyo baya a 2019, Faransa kuma a 2021.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar masu wuraren wasan, kuma ba hujjar banza ba ce. Kafin a fara nuna orka, masunta harbinsa suke yi a matsayin ɓarawon kifi, har sojan ruwan Amurka sun taɓa kai masa farmaki a ruwan Aisland a shekarun 1950, kuma ganin sa kusa da kusa ne ya sa mutane suka fara ƙaunarsa. Sai dai a ganina wannan hujja ta riga ta gama aikinta, domin ilimin da ya fi amfani, na dangi da harshe da tsawon rai, a teku aka samo shi da kyamara da haƙuri.

Game da tumaki da tantabaru, Malama, tunkiya ta yi dubban shekaru a hannun mutum har gida ya zama mazauninta, tantabara kuwa kina buɗe mata akurki da safe ta tashi ta dawo da kanta. Abin da ya fi kama da wasan orka a wurinmu shi ne wasan kura. Ina yaro a Katsina masu wasa da kura suka shigo unguwarmu, an yi mata takunkumin igiya, sarƙa a wuya, mai ita sanye da warki da layu yana karkaɗa sanda, aka ɗora wata 'yar yarinya a bayanta, mu kuma muna ihu muna jefa kwabbai. Sai da na girma na tuna cewa gashin wuyanta ya zube ƙwal inda sarƙar ke goga, wurin ya yi ja, ƙudaje na bi. Ita ma ai ana ciyar da ita. Kuma tun kafin Turawa su ɗaga kwalaye muna da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a wata tafiya, uwar ta zo tana ta fuffuka a kansu, sai Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Saboda haka ban yarda cewa ƙoshi ne kaɗai ke sa a yi irin wannan kuka ba, kuma ban taɓa ganin wanda tausayin dabba ya hana shi ciyar da maƙwabcinsa ba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin halittu a Katsina. Na karanta cewa ƙasashe da dama sun hana kiwon orka domin wasa, amma har yanzu akwai su a tsare. Tunda an amince zalunci ne, me ya hana a kwashe su kawai a zuba a teku?

*Wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina*

Amsa: Ina amsawa, ɗana. An taɓa gwada abin da ka ce, kuma sakamakon ne ya sa ake taka-tsantsan. Keiko, wanda aka kamo a Aisland a 1979, shi ne ya fito a fim ɗin Free Willy na 1993, kuma da jama'a suka gano cewa yana fama da ciwon fata a wani ƙaramin tafki a birnin Meziko sai aka tara kuɗi, aka kai shi jihar Oregon jinya a 1996, sannan aka ɗauke shi a jirgin saman soja zuwa wani killataccen lungun teku a Aisland a 1998, aka shiga koya masa kamun kifi mai rai. An kashe fiye da dala miliyan 20. A 2002 ya yi iyo na sama da kilomita 1,000 har Norwe, amma bai shiga kowane garke ba, mutane ya riƙa nema har yara suna hawa bayansa, ya kuma mutu da ciwon huhu a watan Disamba na 2003. Wasu suna ganin ya ci ribar shekara biyar a teku, wasu suna ganin an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni dai abin da na ɗauka shi ne babu wanda ya san gidan su Keiko, orka kuwa ba ya rayuwa da teku kaɗai sai da dangi.

Inda aka san dangin kuma ba a daɗe ba, abin yakan yiwu. A 2002 aka tsinci wata marainiya da ake kira Springer ita kaɗai kusa da birnin Siyatil, aka gane gidansu daga kiranta, aka yi mata jinyar 'yan makonni aka mayar da ita ruwan Kanada, ta shiga cikin 'yan'uwanta, daga baya har ta haihu. Haka nan a 2019 Rasha ta saki orka 10 da aka tara a wasu ƙananan kejina kusa da Nakhodka domin sayarwa, bayan hotunan wurin sun tayar da ƙura a duniya. Matsalar ita ce yawancin waɗanda suka rage a Amurka da Turai a tsare aka haife su, ba su taɓa farauta ba, haƙoran da yawa sun lalace, wasu ma iyayensu daga tekuna biyu suke, ba su da garken da zai karɓe su. Shi ya sa masu fafutukar suka koma neman a killace wani yanki na teku da raga, a ci gaba da ciyar da su da duba lafiyarsu ba tare da wasa ba, kamar wanda aka tsara a gaɓar Nova Scotia ta Kanada. Amma aiki ne mai cin kuɗi da izini iri-iri. Da aka rufe wurin wasa na Marineland da ke garin Antibes a Faransa a watan Janairu na 2025, uwa da ɗanta, Wikie da Keijo, suna cikin tafkin ba a daidaita kan inda za a kai su ba. A gefe guda kuma kasuwar ta koma Sin, inda aka gina sababbin wurare da orkan da aka kamo daga ruwan Rasha.

Ita kuwa Lolita da na ambata a amsar da ta gabata, ƙabilar Lummi ta jihar Washinton, waɗanda ke ɗaukar orka a matsayin 'yan'uwansu na ƙarƙashin ruwa, sun daɗe suna neman a dawo musu da ita. A watan Maris na 2023 aka sanar da yarjejeniyar mayar da ita wani killataccen wuri a ruwan da aka kamo ta, amma ta mutu ranar 18 ga Agusta, bayan shekara 53 a tafkin nan, kafin a gama shiri. Bayan an ƙone gawarta, tokarta aka miƙa wa 'yan Lummi, suka ɗauke ta a jirgin ruwa a watan Satumba suka zuba a tekun.